Kwanon da Yaro ke Ɗauka: Fashin Baƙi kan Safiyar Kirsimeti a Damagaram

Kiran assalatu daga masallacin da ke bayan gidanmu shi ke tashe mu ranar 25 ga Disamba, kamar dai kullum. Sai dai a wannan ranar, ko da za ka buɗe ido Inna ta daɗe da tashi. Wuta na ci a murhu biyu, babbar tukunyar ruwan wanka na bisa ɗaya, ƙaurin itace ya haɗu da ƙamshin albasar da ake soyawa. Sanyin hunturu na ratsa bargo har ƙashi. Sababbin kayanmu na rataye a ƙusa, jiya da dare aka karɓo su daga wurin tela, wani sa'in ko maɓallai ba a gama sawa ba. Barci ba ya sake ɗaukar yaro a irin wannan asubar. Sai mu lallaɓo bakin murhu mu tsuguna muna jin ɗumi, Inna ta dube mu ta ce, "Tunda kun tashi, kai ɗauko mini turmi, ke kuma zo ki tsince shinkafa."

Bara, ana saura kwana goma biki, 'yar ƙanwata mai shekara bakwai ta kawo mini wayar uwarta ta nuna mini wani bidiyo. Yaran Turawa ne cikin kayan barci suna saukowa daga bene a guje, ga itace mai fitilu a tsakar ɗaki, ga kwalaye naɗe da takarda mai ƙyalli, ƙanƙara na zuba a waje. Ta ce, "Kawu, mu yaushe za mu yi Kirsimeti na gaske?" Tambayar ta tsaya mini a rai har yau. Yarinyar ta taso cikin al'adar da ta fi abin da ta gani a waya nauyi, amma ba wanda ya taɓa warware mata ita, kuma na lura manya da yawa ma ba su taɓa tambayar kansu me ya sa safiyar nan take da wannan fasalin a garinmu ba.

Sai mu fara da sanin su wane ne masu bikin. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A Damagaram, garin sarauta da malamai, sai ka bi layi guda ka iske gida ɗaya tak, wata unguwar ma babu ko ɗaya. Su ma ɗin ba tushensu ɗaya ba. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) a nan Zinder, wato Damagaram, suka fara aikinsu na Nijar a 1924, garin yana hedkwatar mulkin Faransa, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Daga wannan aikin da na Tsibiri, kusa da Maraɗi, aka sami ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa, masu karanta Littafi Mai Tsarki da aka fara buga cikakkensa da Hausa a 1932. Katolika sun biyo baya, kuma yawancin masu cika cocinsu ma'aikata ne da masu sana'a daga Benin da Togo da Burkina Faso. Ga kuma 'yan Najeriya, Ibo da Yarabawa da sauransu, da kasuwanci ya kawo. Kowa ya zo da guzurinsa: waɗancan da kalmar Nowel da sujadar dare da 'yar bukkar haihuwa, waɗannan da dafa-duka da cincin. Amma tukunyar da aka zuba duka a ciki ta Hausa ce.

Tukunyar nan kuwa ita ce Salla. Kakanninmu da suka shiga addinin Kirista ba su san wata babbar rana ba in ba Salla ba. Sun san ana ɗinka sabon kaya, a yi wanka da wuri, gida ya fita gaba ɗaya zuwa wurin ibada, a dawo a ci mai kyau, a aika wa maƙwabta, yara su bazu yawon gaisuwa ana ba su 'yan kuɗi. Mishan ta ba su kwanan wata da karatu da waƙa, tsarin yinin kuwa daga gida suka ɗauko shi. Harshe ma ya tona asirin. Muna cewa kayan Kirsimeti kamar yadda ake cewa kayan salla, kuma dattijon da ke zaune a ƙofar gidansa in ya gan mu mun fito ba abin da yake cewa sai, "A'a, yau sallarku ce, barka da salla." Mu amsa, "Barka kadai, Baba." Gaisuwar nan ba ta taɓa yi mini baƙunci a kunne ba.

Ita ranar kanta, Linjila ba ta faɗi kwanan watan da aka haifi Yesu Almasihu ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin a 25 ga Disamba daga birnin Roma take, ta shekara ta 336, kuma har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar a 7 ga Janairu suke nasu. Mu dai ta faɗo mana da daɗinta da wuyarta. Kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, 'yan lakwal suna hutu, mako guda ke nan da bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba, kuma ranar hutu ce ta ƙasa ga kowa da kowa, don haka maƙwabta suna gida. Wuyar ita ce 25 ga wata ne. Aljihun mai albashi ya bushe, sabo bai shigo ba. Shi ya sa Kirsimetin gidan talaka tun watan tara ko goma ake fara shi, a cikin adashi. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, kan tsara kwasa ta yadda mai yara da yawa za ta ɗauka a farkon Disamba. Wata kuma tun damina take kiwon zakara biyu ko ɗan akuya, kowa a gidan ya san ranarsu.

Mafi yawan kuɗin adashin a wurin tela yake ƙarewa. Uwa ta shiga Kasuwar Dole ta zaɓi turmin atamfa guda a yanka wa 'yan mata duka, yadi guda ga maza. Wanda idonsa ya saba da bidiyon waya sai ya ce ai ba a ba yaran nan kyauta. An ba su. Kayan da ke rataye a ƙusa su ne kyautar, da sabon takalmi, da 'yan kunne, da kitso da lallen da aka zauna aka yi tun ranar 23. Kyauta ce da yaro zai sa kowace Lahadi har shekara ta zagayo, daga nan ta sauka ga ƙanensa. Tana kuma da nauyin da abin wasa ba shi da shi, domin a bainar jama'a ake ganinta. Yaron da ya shiga coci ranar Kirsimeti da tsohuwar riga, shi da uwarsa duka sun san an gani. Na sha ganin Inna, ana saura kwana uku, ta naɗe ragowar yadi cikin leda ta aike ni da dare gidan wata mata da mijinta ya rasu, ta ce, "Ka ba ta a hannu, kada ka tsaya surutu, kada kuma in ji a bakin kowa."

Sai ruwa. Baƙo zai yi mamakin ganin maganar ruwa cikin bayanin biki, ɗan Damagaram kuwa ya riga ya gane. Garin bisa dutse yake zaune, ruwan ƙasa ya yi ƙaranci, abin da muke sha daga nesa ake turo shi, kuma pampo na iya yin kwanaki bai ɗiga ba. Safiyar Kirsimeti kuwa tana cin ruwa fiye da kowace safiya: wankan mutum takwas ko goma, figar kaji, zoɓo da lemun citta, ga kwanonin da za a aika waje dole su fita suna ƙyalli. Don haka aikin farko na yara maza, tun ranar 22 ko 23, shi ne cika randuna da duro, a jera bido a kura, ko a yi ciniki da mai garuwa tun bai yi wuyar gani ba. Wankan asubar daga ƙarami ake farawa. Inna ta sirka ruwan, ta tsugunar da autanmu a bayan ɗaki inda iska ba ta bugawa, yana kuka tana cuɗa shi, ta tsane shi da zanenta, ta shafe shi da man kaɗanya tun daga goshi har tafin ƙafa saboda kaushi da faso. Ba a sa sabon kaya sai an gama karyawa, kada kunu ya ɓata. Sai ka ga yara jere bisa tabarma, jiki na sheƙi, lulluɓe da tsofaffin zannuwa, kowa da kofin kununsa da ƙosai ko fanke, ido na kan ƙusa.

Kafin a fita Baba kan tara mu, kuma shi ne lokaci guda a yinin da gidan ke yin tsit. Ya buɗe Linjilar Luka sura 2 ya miƙa wa wanda ya fi iya karatu cikin yara. Ranar da aka fara miƙa maka littafin, ka san ka girma. A nan ne nake ganin 'yar ƙanwata ta fi yaran bidiyon nan sa'a, ko da ba ta sani ba, domin labarin ba ya bukatar dogon bayani ga ɗan Damagaram. Umarni ya zo daga sama kowa ya koma garinsu a ƙidaya shi: ya san tafiyar dole. Mace mai tsohon ciki a hanya, masauki ya cika: ya ga tasha ranar kasuwa. An kwantar da jariri a komin dabbobi: ga komin nan a kusurwar gida, akuya na ci a ciki. Makiyaya na kwana a fili suna tsaron garke: su ne Fulani da Buzayen da ke sauka a gonaki bayan girbi, kuma sanyin da suke ji shi ne wanda ya ji ɗazu a bakin murhu. Masanan da Linjilar Matiyu ta ce sun zo daga gabas da zinariya da lubban da mur, yaron da ya san Zango, unguwar da ayarin fatake ke sauka a da, ba zai rasa inda zai ajiye su a ransa ba. Babu ƙanƙara a cikin Luka, babu bene, babu itacen fitilu. Akwai dare da dabbobi da talakawa da baƙunci.

Abokinsa Musulmi da suke ƙwallo tare shi ma ya san haihuwar. Ya karanta a Suratu Maryam yadda naƙuda ta kai ta gindin dabino, aka ce ta girgiza shi nunannu su zubo mata. Bambancin aƙida tsakanin gidajen biyu babba ne, kuma ba na cikin masu rufa-rufa a kansa: abin da muke faɗi game da jaririn nan Musulmi bai yarda da shi ba. Amma yaran biyu sun taso suna girmama uwa ɗaya da ɗanta.

Ba zan daɗe a kan coci ba. Katolika sun fi ba daren jajibere nauyi, da sujadarsu ta dare da 'yar bukkar da ake kwantar da siffar jariri a ciki, al'adar da ake dangantawa da Faransis na Asisi tun 1223 a Italiya. A ikilisiyoyin Hausa babbar sujada da safe take. Matan zumunta cikin ankonsu da kiɗan tulu da caki, yara su hau gaba su kawo ayoyin da suka haddace, a yi wasan kwaikwayo da mala'ika cikin farin zanen gado da makiyaya riƙe da sandunan gaske. A yi baiko, wasu da kuɗi, wasu da tiyar gero, a raba wa yara alawa a ƙofa. Hankalin iyaye mata dai rabinsa na gida, wajen tukunya.

Abin da na fi so a fahimta tun kafin wannan yake farawa, da wuƙa. A gidanmu, da gidajen Hausawa Kirista da yawa da na sani, maigida ba ya yanka kazar Kirsimeti da hannunsa. Ana fitowa sallar asuba ake aika yaro ya tsaya a ƙofar masallaci, ya rusuna ya ce, "Malam, Baba na gaishe ka, ya ce don Allah a taimaka mana da yanka." Malam ya zo da wuƙarsa, ya fuskantar da dabbar gabas, ya yi bisimilla ya yanka, a zuba masa ruwa ya wanke hannu. In ɗan akuya ne, mahauci ake kira. Addininmu bai sa mu haka ba. Muna yi ne don unguwa duka ta san wanda ya yanka, kowa ya ci hankali kwance. Saboda haka ne kuma duk abin da Musulmi ba ya ci ba ya kusantar tukwanen ranar. Tun kafin a ɗora sanwa, an riga an sa maƙwabci a lissafi.

Ana dawowa daga coci tsakar gida ta koma kamar ta gidan suna. Inna ta zauna bisa kujera 'yar tsugunno, ga tukunyar shinkafa, ga ta miya, ga soyayyen nama a roba, kwanoni jere a gabanta sun kai goma sha biyar. Lissafin a kanta yake. Gidan Malam da ya yi yanka da na mai unguwa su ne farko, a kwano mafi kyau, da cinya. Sai Hajiya ta jikin katanga, wadda ta karɓi haihuwar rabinmu. Sai tela, sai mai garuwa, sai tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi. Almajiran da suka ji ƙamshi suka taru a zaure, nasu a babban tire. Duk wannan kafin mu mu ci. Ƙa'ida ce da ba ta da sassauci: ba mai sa loma a baki sai kwano na ƙarshe ya fita.

Masu ɗauka kuwa yara ne, kuma da dalili. Namiji baligi ba ya shiga gidan matan aure, uwa tana bakin tukunya, yaro ne kaɗai ke da izinin ratsa kowane zaure har tsakar gida. Ana cewa zumunci a ƙafa yake, to a wannan ranar ƙafar ta ɗan shekara takwas ce cikin sabon takalmi. Kafin ya fita sai an yi masa bita: ka yi sallama, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka miƙa da hannu biyu, ka ce Inna na gaisuwa, ga abin Kirsimeti. Kada ka leƙa ɗaki, kada ka tsaya jiran tukuici. Yaron da ya yi wannan aiken shekara biyar a jere ya san kowane gida a unguwar, ya san wace ce uwargida wace ce amarya, wa ke ciwo, wa aka yi wa rasuwa. Su ma sun san shi, sun san ɗan wane ne. Tukuicin da aka ce kada ya jira kuwa yana zuwa: dala biyar, dala goma, wani gidan dala ashirin, wato sefa 100, ko dabino cike da hannu. Da la'asar a zube bisa tabarma a ƙirga, a yi gardamar wa ya fi samu. Kwanon kuma ramuwa ce. Ranar Layya ƙofar gidanmu ba ta hutawa, mu da ba mu yanka rago ba har mu tara naman da za a yi kwanaki ana ci, da azumi kuma kunu da ƙosai na shigowa da magariba.

Ba kowane gida ke karɓa ba, kuma ɓoye wannan rashin gaskiya ne. Malamai sun saɓa. Wasu na kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida, inda aka halatta abincin Ma'abota Littafi, su ce kyautar maƙwabci ce, a karɓa. Wasu na ganin abincin da aka dafa domin idin wani addini hukuncinsa daban, karɓarsa kamar taya murnar abin da ba ka yarda da shi ba ne. Ra'ayi na biyun na fi jin sa yanzu fiye da lokacin ƙuruciyata. Wahalar ita ce, muhawarar ta manya ce amma a hannun yaro take sauka. Ina da shekara tara ranar da aka fara maido ni da kwano. Matar gidan ba ta yi mini tsawa ba, a hankali ta ce, "Ka gaida Innarka, ka ce mun gode, amma maigida ya hana." Na dawo kwanon na ƙona mini hannu, ina ganin kamar duk layin ni yake kallo. Inna ta karɓa ba ta sake fuska ba. Ta ce, "Ba ƙinka suka yi ba, addininsu suke kiyayewa kamar yadda kake kiyaye naka. Gobe in ka gan ta ka gaishe ta." Ta juye wa almajirai. Da shekara ta zagayo ba ta aika dafaffe gidan ba, ta bari sai bayan sabuwar shekara ta aika da ɗanyar shinkafa da sabulu, aka karɓa da godiya. Iyaye da yawa yanzu kan tambaya tun kafin ranar, uwa ta ce wa maƙwabciyarta, "Maman wance, in na aiko za a karɓa?" don kada a jefa yaro cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Ina ganin wannan daidai ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a daina aikawa gaba ɗaya don gida guda ya ƙi.

Mun kusa dainawa kuwa. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, mako uku bayan Kirsimeti, zanga-zangar da aka yi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe, aka ƙone coci-coci a Zinder da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka, washegari wutar ta kama Yamai. Iyalai Kirista da yawa sun kwana a barikin soja, wasu suka bar garin ba su dawo ba. Yaran da suka ga wannan da idonsu yanzu samari ne da 'yan mata. Amma akwai ɗaya gefen da ba a cika faɗi ba, na gidajen Musulmi da suka buɗe ƙofa a ranar suka ɓoye maƙwabtansu. Yaron da aka ja hannunsa aka tura ɗakin wata Hajiya ba baƙo ba ne a ɗakin, ya san inda randa take, shekara nawa yana kawo kwano. Ba na cewa shinkafa na hana tarzoma. Waɗanda suka zo da fetur ba su tambayi wa ya ci abincin wa ba. Abin da na gani dai, ƙofofin da suka buɗe a ranar tsoro su ne waɗanda aka saba yi wa sallama. Da Kirsimetin 2015 ya zo an yi gardama a gidaje da yawa, a aika ko kada a aika. Inna ta aika, kwano goma sha biyar kamar kullum, sai dai ta sa babba cikin jikokinta ya raka ƙanana.

Yanzu ga sabon abu ya shigo ta waya da talabijin da wasu lakwal masu zaman kansu, inda wani kan sa jar riga da gemun auduga ya zama Per Nowel yana raba kado, wato kyautuka. Asalin mutumin nan wani bishop ne mai suna Nikolas da ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin Turkiyya ta yau, wanda ake ba da labarin taimakonsa ga matalauta a ɓoye. Itacen kuma al'adar Jamusawa ce da ta bazu Turai da Amurka a ƙarni na 19. Ba ni da faɗa da ko ɗaya. Itacen roba da fitilunsa na sa yara murna, motar wasa ko 'yar tsana ba ta ɓata tarbiyya. Damuwata ita ce inda safiyar ta fuskanta. A tsarin bidiyo yaro na tashi ne da tambayar me aka kawo mini, ƙofa a rufe, iyali su kaɗai. Mutanen da kowa a garinsu ke bikin, wannan ba ya rage su da kome. Mu da muke gida ɗaya a layi, ranar da muka rufe ƙofa muka zauna gindin itacen roba mun cire kanmu daga unguwa da hannunmu. Ga kuma kuɗi. Jika biyar ɗin da za ta tafi a abin wasan da zai karye kafin sabuwar shekara ita ce za ta ƙara kwanoni a jerin, kuma na ga gidajen da aka rage kwano don a sayi kado. Nikolas ɗin da ake kwaikwaya, yadda ake ba da labarinsa, ya fi kama da Inna da ledar yadinta cikin dare.

Ban ba 'yar ƙanwata doguwar amsa ba a ranar, shekara bakwai ba ta ɗaukar tarihi. Na dai roƙi uwarta a ba ta kwanon Hajiya ta kai ita kaɗai, karo na farko. Hajiya ta tsufa, ido ya yi rauni. Yarinyar ta fita cikin atamfarta mai ruwan ganye, kwano bisa kai da gammo, tana takawa a hankali kada miya ta zube, ni ina tsaye a ƙofa ina kallonta har ta shige zaure. Ta daɗe. Da ta fito kwanon a wanke yake, an zuba gyaɗa da dabino a ciki, domin a nan ba a mayar da kwano wayam. Ta ce Hajiya ta shafa kanta ta tambaye ta 'yar wace ce, da ta faɗi sunan uwarta sai Hajiya ta ce ai ita ta yanke wa uwar cibiya, a ɗakin can na kudu, cikin sanyi irin na yau. Ta ajiye kwanon gaban Inna, ta gyara gammonta, ta ce, "Kaka, saura gidan wa?"